Inshorar tirela: mota ɗaya amma kowane kamfani da kuɗin da yake faɗa min, ina gaskiyar take?

Ɗan Dawanau:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah wanda ya san harkar inshorar manyan motoci ya warware min wani abu da ya ɗaure min kai kwana biyun nan. Ina da DAF guda ɗaya 'yar Beljiyam, na saye ta a 2021, kai da bodi gaba ɗaya ta tsaya min a miliyan 18, kan daga Legas aka kawo min shi, bodin kuma anan Kano aka ƙera min, buɗaɗɗe irin na hatsi wanda ake rufewa da tamfol. Sana'ata hatsi ce, masara da wake da waken suya wani lokacin riɗi, a loda anan a kai Legas ko Ibadan, to in ta sauke ba ta dawowa wayam, direba yana zuwa wajen 'yan kamasho ya nemo lodi, fulawa ko taliya ko tayil duk abinda aka samu dai, da wannan kuɗin dakon nake rage zafin kuɗin gas.

Tunda na saye ta tad fati kawai nake yi, wato inshorar dole mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai, wacce ake haɗa min da sauran takardu in an zo sabuntawa. Yanzu gaskiya hankalina ba a kwance yake ba, na ga yadda kuɗin mota ya koma, in wani abu ya same ta Allah ya kiyaye bani da halin sayen wata. Shine nace bari in yi mata cikakkiyar inshora wacce zata biya ni in ta faɗi ko ta ƙone ko an sace.

Na tambayi waje uku. Na farko wani ejan ne yace tunda kayana take ɗauka zai saka ta ajin masu ɗaukar kayan kansu, kuma in rubuta miliyan 18 ɗin dana saya tunda ina da rasit, kashi 5 cikin ɗari, dubu 900 kenan a shekara. Na biyu ofishin kamfani naje da kaina, yarinyar dake wajen tana jin nace ana dawowa da kayan mutane tace a'a Alhaji wannan motar dako ce, kuma sai injiniyansu ya zo ya duba ta ya yi mata kuɗi, da na faɗa mata model ɗin tace zata iya kai miliyan 45 a kasuwa yanzu, kaga ko da kashi 5 ne an doshi miliyan biyu da dubu ɗari biyu da hamsin. Na uku kuma yace shekarun motar sun ja, zasu karɓa amma da sharuɗɗa, kuma kai daban bodi daban za'a rubuta.

To ni tambayata, da me suke auna ajin mota ne, girmanta ko abinda take ɗauka? Kuma in ni na yarda a biya ni miliyan 18 ɗina in abu ya faru, ina ruwansu da sai na rubuta 45? Ba wayon karɓar kuɗi bane kuwa? Nagode.

Baban Tasha:

Wa alaikumussalam. Alhaji ka tsaya ka saurare ni da kyau domin abinda ejan na farko yake so ya saka ka a ciki ni na gani da idona, ba labari aka bani ba.

Ina kula da motocin wani maigidana shekaru masu yawa, akwai wata MAN Diesel da muke da ita, shi maigidan siminti yake sayarwa, sai aka yi mata takarda a matsayin mai ɗaukar kayan kai saboda yafi sauƙin kuɗi. Wata rana tana dawowa daga kudu da lodin wani ɗan kasuwa, katan katan na man girki da sabulu, tsakanin Jebba da Mokwa cikin dare taya ta fashe a gangara motar ta kwanta gefen titi, kan ya murɗe gilas babu, direba Allah ya rufa asiri karaya kawai ya samu a hannu. Muka kira kamfanin, ba zan ambaci suna ba, suka turo mutuminsu. Wlh bai fara da kallon motar ba, cewa yayi ina webil, wato takardar rakiyar kaya. Yaron mota ya zaro webil daga aljihun gaba ya miƙa masa da hannunsa, yana dubawa yaga sunan mai kaya ba sunan maigida bane, ga kuɗin dako a rubuce ɓaro ɓaro, ya ɗauki hotonta da waya ya mayar masa, sannan ya zagaya motar. Bayan sati uku takarda ta zo cewa an yi amfani da motar a aikin da ba shi aka yi yarjejeniya a kansa ba, saboda haka babu biya. Munyi zarya har mun gaji, maigida da kuɗinsa ya tada motar nan, ga mai man girki shima ya tsaya akan sai an biya shi kayansa, wanda rabi ya fashe rabi mutanen gari sun kwashe kafin gari ya waye.

Saboda haka maganar yarinyar ofis ɗin nan itace gaskiya. Tunda kana karɓar kuɗin dako ko sau ɗaya ne a wata, motarka ta dako ce, kar ka bari kowa ya rubuta maka wani abu daban. Shi ejan kamashonsa zai karɓa ya tafi, ranar da motar ta kwanta a daji ba zaka ganshi ba.

Sannan abu ɗaya da zan ƙara, ka ja kunnen direbanka akan ɗaukar mutane a saman kaya. Mun san ana yi, daga Legas ko daga nan, a cika saman lodi da mutane direba ya samu na cefane. In tsautsayi ya faɗa inshorar motar kaya bata san da waɗannan mutanen ba, kai mai mota kai za'a riƙe.

Hajiya Buroka:

Salam Alhaji, Allah ya tsare dukiya. Ni aikina kenan dillancin inshora, kuma mafi yawan masu zuwa wajena masu tirela ne da tifa, bari in maka bayani iya yadda zan iya, zai ɗan yi tsawo kayi haƙuri.

Maganar aji tukunna. Girman mota yana ciki amma ba shine farko ba, farko shine me motar take yi kuma kayan waye a ciki. Hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta fitar da sabon farashin tad fati a ƙarshen Disamba 2022 ya fara aiki 1 ga Janairu 2023. Motar gida naira dubu 15, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har miliyan 3. Motar da take ɗaukar kayan mai ita kawai dubu 20, har miliyan 5. Manyan motoci da masu dakon kayan jama'a dubu 100, shima har miliyan 5. Ka duba satifiket ɗinka na yanzu, wajen da aka rubuta irin amfanin da aka yarda ayi da motar, zaka ga ko dai Own Goods (kayan kai) ko General Cartage (dakon kayan jama'a), in na farkon ne to tun 2021 kana yawo da takardar da bata dace da aikinka ba. Kuma ni a ganina tirela mai kai da bodi ko da kayanka zalla take ɗauka, da wuya kamfani mai mutunci ya baka ita a dubu 20, wannan farashin yafi dacewa da irin su kanta da a-kori-kura na masu shago da gidan biredi da masu fiya wata.

Dalilin banbancin ba ɓoyayye bane. Mota mai kayan kai tana da hanya sananniya, mai ita ya san nauyin abinda ya ɗora, tana hutawa. Motar dako kuwa yau tana Apapa gobe tana Onitsha jibi Maiduguri, direba yana gaggawar sauke wannan ya kama wancan, ɗan kamasho yana ƙara masa buhu akan ƙa'ida, barci ma a Ogere ko Tafa ko Mararrabar Jos ake ɗan yinsa a guje. Su kamfanoni sun san wanne yafi kawo musu ƙorafi.

Bayan wannan sai su shiga sauran tambayoyi, tan nawa take ɗauka, aksil nawa, wane irin bodi, shekarar da aka ƙera ta, wace hanya take bi, direba nawa kuma wane lasisi garesu. Bodi yana da tasiri sosai. Fulat bodi mai ɗaukar kwantena daban, tifa daban saboda aikinta cikin kwari da ramin yashi ne kuma tana yawan kifewa wajen juye kaya, mai firij daban, tankar mai kuwa ita ce can sama, duk wanda ya tuna fashewar tankar mai da ta faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 inda mutum sama da 150 suka rasu ya san dalili. Shi yasa ma aka hana tanka mai lita dubu 60 lodi daga Maris 2025. Taka ta hatsi tana cikin masu sauƙi a wannan layin.

Yanzu maganar kuɗin mota, wacce ita ce tafi damuna a tambayarka. Kace in ka yarda a biyaka 18 ɗinka ina ruwansu. Alhaji matsalar itace ba kullum mota take ƙonewa ƙurmus ko a sace ta ba, mafi yawan abinda yake faruwa ɓarnar wani sashe ce, kai ya daki bayan wata mota, lagireto da fitilu da gilas da kabin su tafi. To a yawancin takardun akwai sharaɗin da yace in ka rubuta ƙasa da ainihin kuɗin motar a kasuwa, kai ka ɗauki ragowar kasadar da kanka. Lissafin kuwa haka yake, motar tana 45 ka rubuta 18, wato kashi 40 cikin ɗari ka saka a inshora. Tayi hatsari gyara ya kama miliyan 10, ba zasu ce ai 10 bata kai 18 ba mu biya duka, a'a kashi 40 na miliyan 10 zasu baka, miliyan 4, daga ciki kuma a cire kason da aka rubuta kai zaka fara ɗauka a kowane hatsari, wanda muke cewa ekses. Ka biya dubu 900 kana ganin ka rufe kanka, ranar buƙata ka tarar miliyan 6 da ɗoriya daga aljihunka zasu fito.

Kuma ba kai kaɗai bane, tunda aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk mai motar da bai sabunta kuɗin da ya rubuta ba yana cikin wannan halin ko ya sani ko bai sani ba. Kayan gyaran DAF da MAN da Mack da Howo duk da dala ake shigo dasu, injiniyan kamfani kuma farashin ranar hatsari zai duba ba na ranar da ka saya ba. Wannan abin yana ci min rai domin mutanenmu da guminsu suke biyan kuɗin nan, sai a ƙarshe suce inshora damfara ce, alhali tun ranar cike fom aka karkatar dasu.

Amma kuma kar ka wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. In motar 45 take ka rubuta 60, ranar da ta salwanta gaba ɗaya kuɗin kasuwa zasu baka ko abinda ka rubuta, duk wanda yafi ƙanƙanta a cikinsu, ka yi asarar ƙarin da ka biya kenan a banza. Inshora mayar da kai take inda kake kafin abin ya faru, bata baka riba.

Yadda suke yiwa mota kuɗi: injiniya zai zo ya duba lambar shasi da lambar inji ya gwada da takardun kwastan da na rajista, ya ɗauki hoto gaba da baya da gefe da cikin kabin, ya duba tayoyi da giya da yanayin inji, sannan ya tambayi dilolin da suke sayar da irinta. Shekarar ƙira suke bi ba shekarar da ta shigo Najeriya ba, motar da aka ƙera 2008 ta shigo 2021 a wajensu 'yar 2008 ce. Shawarata kafin injiniyansu ya zo kai ma ka samu diloli biyu ko uku su rubuta maka farashin irin taka a takarda mai hatiminsu, 45 ɗin da yarinyar ta faɗa ƙiyasi ne daga baki, zai iya zama 38 zai iya zama 50, kana da damar yin jayayya da hujja. In kun daidaita ka nemi a rubuta cewa wannan kuɗin an amince dashi tsakaninku, wasu kamfanonin suna yarda in akwai rahoton injiniya, hakan yana kashe gardama ranar biya.

Kamfani na uku da yace kai daban bodi daban shima gaskiya ya faɗa, kuma amfaninka ne. Kan yana da nasa kuɗin bodi yana da nasa, musamman naka da aka ƙera a gida wanda babu farashinsa a wani kundi, ka nemo rasit ɗin mai walda da na aksil da tayoyi in kana dasu. In ba'a ambaci bodi a takarda ba, ranar da ya murɗe zasu ce su kai kawai suka sani.

Kashi 5 ɗin nan kuma ƙasa ce ba sama ba, NAICOM cewa tayi kada cikakkiyar inshorar mota ta gaza kashi 5 na kuɗin da aka rubuta bayan duk wani ragi. Tsohuwar tirela mai dogon zango kar kayi mamaki in an ce maka fiye da haka.

abu_sumayya:

Ni dai tambaya ta daban ce, shin wannan inshorar ma ta halatta? naji malamai da yawa suna cewa akwai garar (wato rashin tabbas) da riba a ciki, ka biya kudi shekara da shekaru in baka yi hatsari ba sun cinye, in kayi su baka abinda yafi wanda ka biya. Tad fati dai munsan dole ce hukuma ta saka, yan sanda ma sun fara kamawa tun Fabrairun 2025, amma wannan ta ganin dama fa? Alhaji ka tambayi malamai kafin ka zuba miliyan biyu

Malam Na Kwari:

Abu Sumayya tambayarka a kan hanya take, kuma saboda ita ne aka kawo takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, yanzu akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da Salam Takaful, kowanne da kwamitin malamai masu duba ayyukansa. Tsarin shine kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun taimakon juna na mahalarta, wanda tsautsayi ya faɗawa a ɗauka a tallafa masa, kamfanin yana karɓar ladan kula da asusun a matsayin wakili, ba'a juya kuɗin a harkar ruwa ko giya ko caca, in shekara ta ƙare an samu rara ana rabawa waɗanda basu karɓi komai ba. Ni motocin yadi na guda biyu a can suke.

Sai dai Alhaji kar ka ɗauka don ance takaful shikenan za'a yi maka sassauci a maganar aji ko kuɗin mota. Duk abinda Hajiya ta lissafa yana nan daram, suma zasu tambayeka kayan waye, suma zasu turo injiniya, suma in ka rage kuɗin mota zasu rage maka biya. Ni a wajena ma abin yafi nauyi a can, domin in ka ɓoye cewa kana dako don ka biya kaɗan, ba wani kamfani ka cuta ba, 'yan'uwanka da suka zuba kuɗi a asusu ɗaya da kai su ka tauye, kuma haƙƙi ne.

Wani abu da ba'a taɓo ba sosai, kayan da suke cikin motar. Inshorar mota komai cikarta bata biyan buhu ko ɗaya. Masararka in ta zube ko ruwa ya jiƙa ta ko an tare hanya an kwashe, wannan takarda ce daban ta kaya a kan hanya, ana yinta ko tafiya ɗaya ko ta shekara. Kai da kake ɗauko fulawar mutane ma kafi kowa buƙatarta, ka ji dai yadda mai man girki ya yi da maigidan Baban Tasha. A yau lodin wake cike da tirela zai iya kusan kamo kuɗin motar kanta.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum mutanen Kano, ina gaida ku. Mu nan wajenmu asirans muke ce mata, kuma dokarmu ta CIMA ce wadda ƙasashe masu sefa suka haɗu a kanta. Amma in kun duba abin guda ne, mu ma an raba motar gida daban, mai ɗaukar kayan kansa daban, mai ɗaukar kayan jama'a da kuɗi daban, mai ɗaukar fasinja daban, babura daban. Abinda muka ɗan bambanta, nan ana duba ƙarfin injin da aka rubuta a kart giriz wato takardar rajistar mota, da nauyin da motar take ɗauka, da ko gazuwal (gas) take sha ko esans (fetur), kuma remok wato bodin da ake ja ana lissafa shi daban. Wajen kuɗin mota kuma ana bambanta kuɗinta tana sabuwa da kuɗinta na ranar da abin ya faru, tsohuwar mota na biyun ake bi.

Abinda ya sa na sa baki, Alhaji in motarka tana shigowa nan ta Jibiya ko Maigatari ko ta Illela zuwa Konni, ko tana zuwa Kwatano, ka tambaye su a rubuce iyakar ƙasar da takardar take aiki. Katin ECOWAS mai ruwan ƙasa da ake haɗawa da tad fati ɓarnar da ka yi wa wani yake biya, ba gyaran motarka ba. Cikakkiyar da za ka saya in an rubuta cikin Najeriya kaɗai, kana tsallake iyaka ta tsaya. Kuma tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, kar direba ya taho da zato, ya tambayi 'yan transit na bakin iyaka wace takarda jandarmomi suke karɓa a lokacin kafin ya loda.

Ɗan Dawanau:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba nagode, Hajiya Allah ya ƙara buɗi, Malam da ɗan'uwa na Maraɗi duk nagode. Na ɗauko satifiket ɗin na duba yanzun nan, Own Goods ne a jiki. Motar bata fita waje, iyakarta Legas da Ibadan sai jefi jefi Fatakwal.

Hajiya saura abu biyu. Bara na sauke injin na saka wani da na saya a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, lambar dake takarda ta tsohon ce, wannan zai kawo matsala? Na biyu, gaskiya miliyan biyu da wani abu a dunƙule yanzu da kaka ta gabato kuɗina duk yana cikin kaya, akwai wata hanya ta tsakiya ko dole sai ɗayan biyu, ko tad fati ko cikakkiya?

Hajiya Buroka:

Injin zai kawo matsala in ka yi shiru, in ka faɗa ba komai bane. Ka kai rasit ɗin Ladipo a gyara lambar a takardun mota, kuma ka nunawa injiniya da bakinka ranar da ya zo, sabon inji mai lafiya ma yana iya ɗaga kuɗin motar. Abinda basa so shine ranar hatsari su leƙa su ga lamba daban, sai su fara cewa ba wannan motar suka yiwa inshora ba.

Hanyar tsakiya akwai. Ɗaya, tad fati haɗe da gobara da sata, tana biyanka in ta ƙone ko an sace amma banda faɗuwa da karo, kuɗinta bai kai na cikakkiya ba. Sai dai ka auna da kanka, a hanyar Legas faɗuwa da karo sune suka fi yawa. Biyu, ka yarda a ɗaga maka ekses, wato kai ka ɗauki ƙananan gyare gyare su kuma su tsaya maka a babba, wannan yana sauko da farashi in sun faɗa maka sama da kashi 5. Uku, ka tambaya ko zasu yi maka ta wata shida, ko da yake in ka haɗa biyu tafi ta shekara tsada kaɗan. Abinda ba zai yiwu ba shine su rubuta maka bashi, doka ce in ba'a biya ba babu kariya, tun 2013 ake aiki da ita sosai. Abinda kuma bazan taɓa baka shawara ba shine rage kuɗin motar don farashi ya sauko.

Kafin ka sa hannu ka karanta abinda bata biya. Inji ya buga ko giya ta lalace don kanta babu, taya ta fashe ita kaɗai babu sai in tare da hatsari ne, kwanakin da motar ta yi a gareji bata aiki babu. In an saka maka sabon kaya a madadin tsoho zasu iya cewa ka cika wani abu. Tarzoma da ambaliya ka tambaya ko suna ciki ko sai an ƙara, motar da take ratsa Lokoja da damina tana buƙatar wannan. Lasisin direba ya zama ajin G na tirela kuma mai rai, yaron mota in ya karɓi sitiyari a hanya ba lasisi abu ya faru, shikenan. Wasu zasu ce sai ka saka tiraka mai nuna inda motar take, ka saka, kai ma zata yi maka amfani.

Ka biya kuɗin a asusun kamfanin ko na buroka wato dillalin inshora mai rajista, ba asusun wani mutum ba, bayan kwana biyu ka danna *565*11# ko ka shiga askniid.org ka saka lambar motar ka tabbatar ta fito da sunan kamfanin da kuma ajin dako. Direba kuma ka ce masa in abu ya faru hoto da bidiyo tun motar tana kwance, rahoton 'yan sanda ko na rod sefti, a kira kamfani a ranar, kuma kar bakanike ko fanel bita ya taɓa ta sai mutuminsu ya gani. In sun ja maka rai ba dalili NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ka rubuta musu da lambar takardarka.

Baban Tasha:

Alhaji tad fatin nan taka ta Own Goods kar ka jira sai ta ƙare, gobe ka je a canza ta zuwa ta dako ka cika musu kuɗin, ko da maganar cikakkiyar zata jira bayan kaka. Motar tana hanya yanzu ko tana gida?

Ɗan Dawanau:

Tana Ibadan Baba, jiya ta sauke, direba yana jiran lodin fulawa. Na kira shi nace ya dakata kar ya ɗora komai sai na je ofishin da safe an gyara takardar na turo masa hotonta.